Mai Gyangyaɗi a Bas ta Farko

9 ga Fabrairu

Zuwa ga 'yar Dogo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara, in akwai su, don ba wanda ya taɓa sanar da ni. Ni dai ga ni nan. Gwiwa ta ƙi matakala, idon hagu ya soma hazo, kunne kuma sai an ɗaga murya, shi ya sa ba na riƙe waya. Wurin da ake ajiye tuna baya ne kawai bai taɓu ba.

Shekara talatin da 'yan kai ina jiran takarda daga gidanku. Da ta tashi zuwa sai ta zo a katin gayyata mai sheƙi: kwalejin zane za ta karrama Farfesa ranar ashirin ga Mayu, za a baje aikinsa da ya yi suna, Fasinjojin Safe. A gaban katin ga hoton kwandasta yana lilo a ƙofar bas, baki buɗe yana kiran tasha. A ƙasa ga sunan ubanki.

Ba ki san ni ba, to bari in gaya miki wanda kika gayyata. Uwata da kakanki na wajen uba ciki ɗaya suka fito. Ni da ubanki taubasai ne, ke kuma sai ki ce mini Baffa, in bakinki zai iya. Aji ɗaya muka zauna a wannan kwalejin. Ni ne na ɗaya, shi kuma tsawonsa ne kawai ya fi na kowa.

Kwandastan nan ni na sassaƙa shi. Shi da tsohuwa mai kwando a cinya, da ma'aikacin banki da ke riƙe da ƙarfen sama yana karanta jaridar wani, da 'yan makarantar da aka matse a bayan direba, duka goma sha biyun. Shekara biyu ina shiga bas ta farko da asuba, in tafi har ƙarshen layi in dawo, ina zana mutane a kan gwiwata motar tana jijjiga ni. In na koma ɗaki in mayar da zanen kan allon katako, in fafe duk inda nake so ya fito fari, in shafa tawada a kan abin da ya rage, in ɗora takarda in murza. Har yau tabon kurfin sassaƙa yana nan a babban yatsana.

Da aka ce kwaleji na neman malami, uwata tana kwance, ba halin in yi tafiya. Ubanki ya ce, "Taubashi, kawo in kai maka, ai bakina ya fi naka zaƙi." Gaskiya ya faɗa. Na ɗaure masa allunan a kwali, na raka shi tasha, har na saya masa ruwa. Aikin ya samu. Shi ya samu.

Da na ɗaga murya, dangi suka taru a kaina, wai zumunci ya fi katako. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Shi ya zama Farfesa, ni na zama mai hatimi. Ina da 'yar rumfa a bakin babbar tasha, tsakanin mai gyaran agogo da mai ɗinkin jaka, ina yanka wa mutane sunayensu a roba, a juye, don su fito daidai a takarda. Sunan kowa na gyara ban da nawa.

Ba zan zo ba. Na rubuto ne don ki san abin da za ki rataya a bango. Ki karanta wa ubanki wannan, ki dubi fuskarsa.

Baffanki,
Mai Hatimi


24 ga Fabrairu

Baffa,

Wa alaikumus salam. Na gode da amsa, ko da yake ba irin wadda na zata ba ce. Muna lafiya, yara biyu ne, mace da namiji, suna gaishe ka. Allah ya ƙara sauƙin gwiwa da ido.

Baffa, ba zan iya duban fuskar Baba in karanta komai ba, don rabinta ba ta motsi. Shanyewar ɓarin jiki ta same shi bara. Ba ya magana, ba ya rubutu, hannun hagu ne kawai ke ɗan ɗagawa. Yana ji, yana ganewa, in an riƙe masa takarda a gaban ido yana karantawa. Ni nake kwana da shi, in gari ya waye in tafi makaranta in koyar da lissafi. Ban san komai a kan zane ba. Sunanka ma a bakin wata gwaggonmu na ji, na ce ashe Baba yana da ɗan'uwa abokin karatu, bari in faranta masa rai.

Ban karanta masa wasiƙarka ba. Kwana uku ina jin haushinka. Hotunan nan a gabansu na girma, kwandastan ma a falonmu yake, ina yarinya nakan yi masa gwalo. Yanzu wani da ban taɓa gani ba ya ce ubana ɓarawo ne, a lokacin da uban ba zai iya cewa uffan ba. Ka yarda dai lokacin ya yi maka daɗi.

Amma ni malamar lissafi ce, ba na karɓar amsa sai an nuna mini aiki. Allunan suna ɗakin ajiyar kwaleji, kuma ni aka ba makulli saboda shirin bikin. Ka faɗa mini abin da wanda ya sassaƙa su ne kaɗai zai sani. In ba ka da shi, don Allah ka bar mu da jinyarmu.

'Yarka


4 ga Maris

'Yar Dogo,

Na gaishe ki, na gaishe da yaran da sai yanzu na san da su. Ciwon ubanki kuwa, ba zan yi miki ƙarya in ce na kasa barci ba. Mutumin da ya ci abinci da baki, bakin aka fara karɓewa. Allah ba ya barci.

Kin ce in nuna aiki. Madalla, ashe gidan ya fitar da mutum ɗaya.

Ki juya allunan ki dubi bayansu. Za ki ga shuɗin fenti da ramukan kusa a gefe. Ba ni da kuɗin katakon kirki a lokacin, sai na cire katakan kabad ɗin matata ɗaya bayan ɗaya. Kabad ɗin yana nan a ɗakina, shuɗi, cikinsa fayau, kaya a tule a ƙasa. Bayan allon kwandasta kuma akwai ƙunar dutsen guga, hancinsa yana kallon sama. Gwaggonki, wato matar tawa, ita ce ta ajiye shi da zafi ranar da ta gane inda katakanta ke tafiya.

Sannan ki dubi lambar da ke goshin bas ɗin a hoton falonku. A juye take. Shi ne allona na farko, na manta cewa abin da ke dama a katako hagu yake fitowa a takarda. Kuskuren ɗan koyo ne. Na karanta a wata mujalla wani masani ya cika shafi biyu yana bayanin wai Farfesa yana nufin birni baya-baya yake tafiya. Na yi dariya har mai gyaran agogo ya leƙo ya ce, "Malam, lafiya, ko an biya ka bashi ne?"

Da allunan goma sha uku ne ma. A wannan bas ɗin na fara ganin gwaggonki. Aikin dare take yi a masaƙa, ta shigo da asuba, ta zauna kujerar taga ta biyun ƙarshe, ta rungume jaka, kafin a kai gada ta yi barci. Mai Gyangyaɗi nake ce mata har ta bar duniya. Bayan mun yi aure na sassaƙa ta haka, kai a jikin gilashi. Da ta gani ta ce, "Duk fuskokin da nake da su, sai wadda bakina ke buɗe kamar kifi?" Kafin in shafa masa tawada allon ya ɓace. Ta ce ta hura wuta da shi. Na yi mata gaba ta mako guda, ita kuwa ko a jikinta. Ba ta son kyamara, hoton aurenmu ɗaya tilo kuma yoyon rufi ya cinye shi. Shekara tara ke nan da rasuwarta, ba mu samu haihuwa ba. Ita ce ta yi ta ce mini in bar ubanki da Allah. Na bar shi, amma ina leƙawa.

Ga abin da nake so. Ba kuɗi ba, ba ban-haƙuri ba. A cire sunansa a sa nawa, a bango, a gaban duk wanda ya taɓa yi masa tafi. In kin kasa, zan rubuta wa shugaban kwalejin da kaina. Har yanzu na iya rubutun da ke sa mai kujera gumi.

Baffanki


2 ga Afrilu

Baffa,

Gaisuwa da fatan alheri. Ka yi haƙuri da shiruna, muna asibiti, ƙirjin Baba ne ya cika, sai shekaranjiya aka sallame mu. A tsaye nake rubuta wannan.

Na juya allunan. Na gani.

Maganar suna ka bar ta tukuna. Kada ka rubuta wa kwaleji komai, don Allah.

Akwai abin da nake buƙata. Kwamitin bikin yana so a buga hoto ɗaya a gaban jama'a ranar bikin, kwandasta suka zaɓa, kuma ni suka ce in buga a madadin Baba. Akwai tsohon injin matsi a barandar sashen, mai sitiyari a sama, in an murɗa farantin ƙarfe ya sauko. An goge shi an sa masa mai. Amma malaman yanzu duk a kwamfuta suke aiki, ba wanda ya taɓa murɗa shi. Allunan kuma sun ɗan kantare, tsakiyarsu ta yi doro. Yaya ake yi? Kai kaɗai ka rage da zan tambaya.

'Yarka


10 ga Afrilu

'Yata,

Na gaishe ki da jinya. Lafiyata ƙalau, rabon da in ji ƙarfi haka an daɗe.

Wata guda ina zuwa gidan waya ana ce mini babu. Da wasiƙar ta zo, layi biyu aka ba ni: na gani, ka bar ta tukuna. Wannan "tukuna" na san ta, da ita aka sallame ni ina matashi, ga shi ta dawo ta same ni da furfura. Ba komai. Na bar ta. Ba zan rubuta wa kowa ba. Tsufa ya koya mini cewa ba kowane bashi ake bi da baki ba.

Ga yadda za ki yi. Ki shafa tawada da rola, siriri, har ki ji tana ɗan ƙara kamar ana taka yashi. Ki kwantar da allon a kan ƙarfen injin, doron yana sama, kada ki shimfiɗa komai a ƙarƙashinsa. Ki ɗora takarda. Ki murɗa sitiyarin har ya yi tauri, sannan ki ƙara zagaye guda cikakke. In kin ji katakon yana kuka kada ki tsorata, tawada ce ke kama takarda. Abu mafi muhimmanci, kada ki gwada kafin ranar. Tsohon katako bugu ɗaya mai kyau ya rage masa, kada ki ɓarnatar da shi a ɗakin da ba kowa.

Ga 'yar takarda na naɗe a ciki, ta ubanki ce. Ki riƙe masa a gaban ido, ke kuma ki kau da kai. Maganar manya ce.

Baffanki

Dogo,

Taubashi, an ce kana ji kana gani. Alhamdu lillahi, da haka na fi son ka.

Ka tuna tsohon malaminmu mai tabarau, da abin da yake sa mu maimaita kamar karatu? Miƙaƙƙen allo na inji ne, mai doro na cokali ne, da bayansa ake murza takardar a hankali. Ka tuna ranar da ka sa mai doro a injin nan na baranda, ya tsage gida biyu, ya ja kunnenka har ƙofa duk tsawonka? Ni na roƙar maka.

'Yarka ta tambaye ni yadda ake buga kwandasta. Na gaya mata. Doro a sama, ba shimfiɗa, ta murɗa ta ƙara.

Za su turo ka layin gaba, su sa maka babbar riga, su goge maka baki. Kai kaɗai a zauren za ka san abin da zai faru, kuma ba za ka iya cewa a tsaya ba. Na ɗanɗana wannan shekara talatin, kai minti biyar kawai na roƙa maka. Ni na haifi kwandastan nan, ni zan kashe shi, da hannun 'yarka, a gaban masu yi maka tafi. Rana dubu taka ce, na yarda. Wannan ɗayar tawa ce.

Ka gaida sunanka.


6 ga Mayu

Baffana,

Gaisuwa mai yawa. Muna lafiya, Baba ma da sauƙi. Na gode da bayanin, na kwafe shi a 'yar takarda na liƙa a madubi, na haddace kamar mai shiga jarrabawa.

Na riƙe wa Baba takardarka, na kau da kai kamar yadda ka ce. Baffa, ban san abin da ka rubuta ba, amma ya shige shi. Ya yi ta gurnani yana dukan katifa, hawaye har kunne, yana bin takardar da ido, sai da likita ya yi masa allura. Na naɗe ta na sa a aljihun tebur. Na ce a raina nadama ce, kuma gara ya yi ta a nan.

Na so in ɓoye maka sauran har ranar, amma na kasa. Na ga kamar ka ji haushin "tukuna". Dalilina shi ne, da takardar ƙorafi ta shiga ofis, lauyoyi za a kira, a soke bikin, a kulle allunan a kwaba, kai da su sai a lahira. Sai na bi ta ƙafa. Na kai shugaban kwalejin ɗakin ajiya da kaina, na juya masa allo na nuna masa ƙunar dutsen guga. Sai da ya nemi kwali ya zauna. An sake buga takardun bango. Sunanka ne a ƙarƙashin duka goma sha biyun, kuma ni zan faɗa da bakina kafin a buɗe ƙofa. Na tambayi Baba, na ce in ya yarda ya rufe ido. Ya rufe. Yayana ya daina ɗaukar wayata, wannan matsalarsa ce.

Yanzu ka zauna in kana tsaye. Ina neman babbar rigar da Baba zai sa, a can ƙasan akwatinsa na ci karo da wani abu naɗe a tsohon ɗankwali mai ɗigon rawaya. Allo ne. Shuɗin fenti a baya. Ba a taɓa shafa masa tawada ba, katakon fari tas. Mace ce a kujerar taga, kai a jikin gilashi, ta rungume jaka, baki a ɗan buɗe. Baffa, Gwaggo ba ta hura wuta da shi ba. Kuma ba ta yi kama da kifi ba, kyakkyawa ce, 'yata ta ce kamar za ta farka in an yi tari.

Na gaya wa kwamiti kwandasta ya sha bugu ya isa. Ita zan buga. Tana da doro kamar sauran, daidai kan fuskar, zan bi bayaninka dalla-dalla. Bugun farko naka ne.

Ga tikitin mota a ciki, na ranar sha tara. Ɗakin yara a gyare yake, ba matakala. In ba za ka zo don Baba ba, ka zo don ita.

'Yarka


23 ga Mayu

Baffa,

Ina gaisuwa, don an koya mini gaisuwa. Jikin Baba ba daɗi, tun ranar bai karɓi abinci ba sai ruwa.

Na je tasha ranar sha tara, na tsaya har motar ta watse. Na ce ko gwiwa ce.

Zauren ya cika. Na hau na faɗi abin da na yi alkawari. Na faɗi sunanka sau biyu don na baya su ji. Sai wani tsohon ɗalibin Baba ya miƙe tsaye, saura suka bi shi. Sannan aka kawo allon. Na warware ɗankwalin, na ce wannan matar wanda ya yi aikin ce, yau za a fara ganinta.

Tun ina shafa tawada Baba ya soma. Yana dukan hannun kekensa, yana wani sauti da ban taɓa ji ba, wuyansa duk jijiya. Matar da ke kusa da shi ta dafa shi tana cewa, "Sannu Farfesa, abin akwai taɓa zuciya." Har tafi aka yi masa. Ni ma murmushi na yi masa, Baffa. Na ce, "Baba, saura kaɗan."

Doro a sama, ba shimfiɗa. Na murɗa har ya yi tauri. Katakon ya yi kuka, hannuna ya tsaya da kansa, sai na tuna ka ce tawada ce. Na ƙara zagayen.

Ƙarar kamar an karya ƙashi. Da aka ɗaga farantin, allon ya rabe, tsakiyar kuma ta niƙe. Ashe ƙwaro ya ci cikinsa. Inda fuskar take sai gari da tsiraruwa a cakuɗe da tawada, takardar ta yage a kai. Na tsuguna ina tattarawa da hannu a gaban mutane. Abin da ya rage, gefen taga ne da hannu ɗaya a kan jaka.

Kwana biyu ina cewa ni ce, na murɗa da yawa, na kashe wa tsoho matarsa sau biyu. Ina ta tunanin da wane baki zan gaya maka. Jiya ina share ɗakin Baba na ga yana kallon aljihun tebur, ya kalle ni, ya kalli aljihun. Na buɗe. Na karanta maganar manya.

Ba zan zage ka ba, kai ubana ne ta wani gefen. Baba ya cuce ka, na faɗa a gaban duniya, ya jawo mini rabuwa da yayana. Amma ni ban cuce ka ba. Ka ɗauki hannuna ka yi wuƙa da shi, ka sa na tsaya ina yi wa ubana murmushi yana roƙona.

Sunanka yana bango. Goma sha biyun lafiyarsu ƙalau, kwandasta ko ƙwarzane babu. Ka samu abin da ka nema.

Tambaya ɗaya gare ni, daga ita ba zan sake damunka ba. Wasiƙata ta shida ga wata, ba ta iso ba ne?

'Yar Dogo


30 ga Mayu

'Yata,

Na gaishe ki. Lafiyata ba abin tambaya ba ce.

Ta iso, tun da sauran fiye da mako. Na ji kaurinta a hannu na ce wani dogon "tukuna" ne. Na tura ta ƙarƙashin tiren hatimai, na ce sai bayan ashirin ga wata zan buɗe, in karanta da shayi ina dariya. Ranar bikin ma da wuri na rufe rumfa, na yi aski. Washegari na buɗe ta. Tikitin ne ya fara faɗowa.

Ɗankwali mai ɗigon rawaya na san shi. Ce mini ta yi ta manta shi a bas. Ita ta taya ni ɗaure kwalin a daren da ubanki zai tafi, ita ta ce in je in nemo ƙarin igiya. Ashe so take a gan ta a babban birni, da bakin kifin nata da komai.

Ki gaya wa ubanki, ya san fuskar wace ce, shi ya sa bai taɓa buga ta ba. Ya ji rasuwarta, ya san ba ni da komai nata, ya bar ta a ƙasan akwati ƙarƙashin rigunansa. Wannan ma ban yafe ba. Ki haɗa da sauran laifukansa.

Ke kuwa ba ni da abin da zan ce miki da zai yi amfani. Na gode da sunan. Mai gyaran agogo ya ce in je in gani. Ba zan je ba.

In ba ki zubar ba, ki aiko mini da ɗankwalin da guntun da ke da hannun.

Na gwada zana ta daren jiya. Na samu tagar, na samu jakar, na samu yadda take karkata kai. Fuskar ta ƙi zuwa. Ta daɗe tana dushewa, ban faɗa wa kowa ba ne. Ba ni da hotonta ko ɗaya. Allon nan shi kaɗai ne, kuma ba a taɓa buga shi ba.

Baffanki,
Mai Hatimi